Amarya Mai Amfiya Talatin da Huɗu

Ta-Annabi mai ƙosan bakin tasha ce ta fara ba ni labarin nan, ranar da muka haɗu a layin awon hawan jini. A gabanta aka yi, don tana cikin 'yan jere, kuma ita ba ta ƙara wa magana gishiri sai in ta ji lami.

Wata tsohuwa ce a Malumfashi, Iya Yalwa, mai sayar da daddawa da kuka. Ƙaninta ya rasu ya bar mata 'yar yaye, Suwaiba. Ita ta goya ta, ita ta yi mata kitso, ita ta yi mata faɗa har ta isa aure. Tun yarinyar tana aji uku Iya Yalwa ke tara mata kayan ɗaki, yau cokali, gobe buta, tana turawa ƙarƙashin gado, don ta rantse ba za a leƙa ɗakin Suwaiba a ce "ai marainiya ce" ba. Mijin da Allah ya kawo, Nafi'u, malamin firamare ne mai kunya, ba ruwansa. Matsalar tana gidansu. Babban gida ne na gado, kuma mai faɗa a ji a cikin matan gidan ita ce matar baffansa, Hajiya Atine, irin matan nan da za su dubi jaririn kwana bakwai su ce ya cika son jiki.

Tun kafin biki magana ta dawo kunnen Iya Yalwa. Wai Hajiya Atine ta ce, mai daddawa ina ta ga firji? In ma an ga kayan wuta a ɗakin, to matattun gwanjo ne aka goge da man gyaɗa aka jera don ido. Kun dai san gidan yawa, sunan da aka sa wa amarya ranar jere shi ke binta har ta yi jika. A gidan akwai wadda har yau Mai Katifar Aro ake ce mata, alhali ta aurar da 'ya'ya uku. Iya Yalwa ta ce ita kam in tana numfashi ba za a kira Suwaiba Mai Gwanjo ba. Za a kunna kayan nan a gaban kowa, mai ido ya gani, mai kunne ya ji ƙara.

Ranar jere da hantsi ta iso da matanta da mota cike da kwalaye. Suka tarar da wani magidanci a kan tsani yana ɗaura fanka a ɗakin amarya, Tanimu mai gyaran wuta, wanda ango ya ɗauko. Ya gaishe su yana sama. Da ya ga ana ta fito da kaya daga kwali kamar za a buɗe kanti, sai ya sauko a hankali, ya tsaya yana kallo yana sosa ƙeya.

"Iya, duk waɗannan a ɗakin nan za su zauna?"

"A'a, a kanka za mu jera su."

"Ba haka nake nufi ba. Kunnawa fa?"

"Duka. Yau ɗin nan, bayan la'asar, in dangin ango sun shigo."

"Lokaci ɗaya?"

"To da layi za su bi kamar masu karɓar allura?"

Tanimu ya yagi gefen kwali, ya zaro biro daga bayan kunnensa, ya tsuguna. Ya ɗaga butar lantarki ya leƙa gindinta, ya rubuta. Ya juya dutsen guga, ya rubuta. Iya Yalwa ta tsaya a kansa ta riƙe ƙugu.

"Kai ɗan nan, leƙen me kake yi wa kayan mutane? Atine ce ta aiko ka?"

"Wallahi ba wanda ya aiko ni. Lissafi nake yi. Kin ga wannan lambar da ke jikin kowane kaya? Wat ake ce mata, ƙarfin cinsa ke nan. Sai a raba ta da ƙarfin wutar da ke shigowa gida, ɗari biyu da ashirin. Abin da ya fita shi ne amfiya, wato yawan wutar da kayan zai zuƙa ta cikin waya. Kamar butar nan, dubu biyu da ɗari biyu ce. In aka raba, goma ke nan."

"Goma. To madalla. Ci gaba."

"Dutsen guga biyar. Wannan akwatin ɗumamen abinci biyar. Rishon lantarki bakwai, saura kaɗan, mu ce bakwai. Tukunyar dafa shinkafa uku. Injin markaɗe biyu. Talabijin da fanka in an haɗa su, ɗaya."

Iya Yalwa tana gyaɗa kai tana murmushi, kamar ana karanta mata sakamakon jarrabawar jikoki. Ta juya ta dubi firjin, dogo, fari tas, ya fi ta tsayi, ledarsa ko ɓarewa ba a yi ba. Shekara huɗu tana zubin adashi a kansa. Ta gyara mayafi.

"To, babban fa?"

Tanimu ya zagaya bayansa ya duba. "Ɗaya."

"Ɗari ɗaya?"

"Ɗaya tak."

Wata mai ɗaura labule ta tsaya da ƙusa a baki.

"Sake dubawa," in ji Iya Yalwa.

"Na duba, Iya."

"Firjin da ƙarti huɗu suka sauke daga mota suna nishi, shi ne ɗaya? Butar da na saya da canjin kuka, wadda ko alwala ba za ta ishe ka ba, ita ce goma? Kai makarantar ina ka yi?"

"Ai ba girman jiki ba ne. Duk abin da ke yin zafi ya fi cin wuta. Shi firji a hankali yake sha."

"Rufe min baki. In Atine ta ji an ce firjin Suwaiba ɗaya ne, ai mun shiga uku. Ɗebo shida daga na butar ka ƙara masa."

"Ba ya yiwuwa."

"To huɗu."

"Iya, ba ciniki ba ne fa. Da ciniki ne ma da na ce albarka."

"Uku, don darajar iyayenka. Buta bakwai, firji huɗu. Kowa ya rufa wa kowa asiri."

Ta-Annabi ta ce ita a nan ta fara toshe baki da gefen zane. Tanimu ya share gumi, ya ce shi ba ma wannan ce damuwarsa ba. Ya ja layi a ƙasan lambobin ya tara, ya nuna mata. Talatin da huɗu. Sannan ya nuna wata siririyar waya da ta shigo ta saman ƙofa ta bi bango.

"Wannan ita ce ke kawo wuta ɗakin nan. Iyakar abin da za ta ɗauka sha biyar. Kuma na duba wajen mita, fis ɗin gidan an ɗaure shi da waya mai kauri tun tuni, ba zai yanke ba in kaya ya yi yawa. Ita wannan ce za ta yi zafi ta ƙone. Kamar a ce kin tuƙa tuwon mutum sha biyar, baƙi talatin da huɗu suka sallama."

"Shi ke nan abin da ya sa kake zare ido? Ni na ciyar da mutum arba'in da tuwon sha biyar ranar sunan Suwaiba. Malmala ake ragewa, a ƙara wa miya ruwa."

"Wuta ba a ƙara mata ruwa, Iya."

"To su yi haƙuri da juna mana. Rabinsu kanti ɗaya aka sayo su, 'yan uwa ne."

Tanimu ya dubi sama kamar mai neman agaji wajen fanka. Daga ƙarshe ya roƙe ta don Allah don Annabi, in za a gwada, a gwada ɗaya bayan ɗaya. A kunna buta, ta tafasa, a kashe, sannan a kunna na gaba. Firji da fanka da talabijin su kam a bar su a kunne, ba sa faɗa da kowa. Iya Yalwa ta ce ta ji. Ta fizge kwalin daga hannunsa, ta naɗe, ta ƙulle a bakin zane, don kada wani ya ga an rubuta wa firji ɗaya. Shi kuma ya ɗauki tsaninsa ya tafi wani aikin a bayan kasuwa.

Bayan la'asar dangin ango suka shigo, Hajiya Atine a gaba, tana taku ɗaiɗai tana kaɗa makullin ɗakinta a yatsa. Aka gaisa, gaisuwar da haƙora ke waje zuciya na ciki. Ta shafa gado, ta ƙwanƙwasa kabad, ta ɗaga labule ta duba ɗinkinsa. Sannan ta tsaya gaban kayan wuta.

"Masha Allahu. Sun sha guga. Suna dai motsi ko?"

Iya Yalwa, a gaskiya, ta fara da bin maganar Tanimu. Ta kunna buta, ta tafasa, ta kashe. Ta kunna injin markaɗe, ya yi kuka, ta kashe. Ta miƙa hannu za ta jona dutsen guga, sai Hajiya Atine ta juya wajen matan da ke bayanta, ta yi magana ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan da ake ji har zaure.

"Kun gani ko? Haka ake yi wa na gwanjo. Lallaɓa su ake yi ɗaya-ɗaya kamar tsofaffi a bakin rijiya. In aka tashe su tare sai a kwashi gawa."

Wata ta yi dariya. Wata daga baya ta ce, "Mai Gwanjo," a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi.

Iya Yalwa ta ji sunan ya sauka a ƙirjinta. Ta tuna Suwaiba tana can gida an lulluɓe ta, hannu da lalle, ba ta san ana yanka mata suna ba. Nan take lissafin Tanimu ya bi iska.

"Ta-Annabi, miƙo min wayar jonin nan mai baki huɗu. Da ɗayar ma."

"Yalwa, mutumin nan fa ya ce..."

"Mutumin nan shi ya goya min ita?"

Ta jona wata a jikin wata, ta cusa kan kowane kaya a ramin da ya samu. Ta yi bisimilla da ƙarfi. Ta bi su da yatsa tana dannawa kamar mai rabon goro. Buta ta hau tsuwa, dutsen guga ya ɗau zafi, injin markaɗe ya hau ihu ba komai a cikinsa, akwatin ɗumame ya kunna fitila yana juya faranti, risho ya fara ja, tukunyar shinkafa ta kunna jan ido, talabijin ya kawo wani mutum yana bayanin takin zamani, fanka tana ta wulwulawa a sama. Firji kuwa yana gefe yana gurnani a hankali, da mutuncinsa.

Ta-Annabi ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin ɗaki ya yi kyau kamar wannan ɗan lokacin ba. Wata daga dangin amarya ta rangaɗa guɗa. Iya Yalwa ta harɗe hannu ta dubi Hajiya Atine.

"Akwai wanda bai gaishe ki ba a cikinsu?"

Hajiya Atine kuwa hanci take ɗagawa.

"Wa ke ƙona roba?"

Fitilar ɗakin ta yi ja, ta yi kamar mai jin barci. Sai wayar nan ta saman ƙofa ta fara hayaƙi, ta yi laushi, ta lanƙwaso kamar taliyar da ta nuna. Aka ji fat. Komai ya mutu lokaci ɗaya, mai takin zamani ya tafi da maganarsa a baki.

Abin da ya biyo baya, in ji Ta-Annabi, ba ya faɗuwa. Mata ashirin, ƙofa ɗaya. Mai salati na yi, mai kiran sunan 'ya'yanta na yi. Wata ta fita da labule a wuya. Hajiya Atine da ke taku ɗaiɗai ita ta riga kowa isa tsakar gida, ba takalmi, ba makulli. Baffan ango, Alhaji Ɗahiru, ya fito daga turaka da gudu ya kashe wutar gidan gaba ɗaya daga wajen mita. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya kama, sai baƙin layi da ya bi sabon fenti tun daga ƙofa har kusurwa, da wari.

Da numfashi ya dawo wa Hajiya Atine, sai baki ya dawo.

"Me na faɗa muku? Matattun kaya. Da ƙyar suka yi minti ɗaya suka cika, har suna neman tafiya da mu."

Iya Yalwa ta nemo takalminta ƙafa ɗaya, ɗayar ba a gani ba, ta tafi gida a haka. Ta tarar da Suwaiba labari ya riga ya iso mata, tana kuka ƙasa-ƙasa cikin mayafi.

"Iya, da gaske duk sun ƙone?"

"Share hawayenki kada ki ɓata kwalli. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ta zauna a bakin murhu za ta kwance goro daga bakin zane, sai ga kwalin Tanimu. Karatunta bai wuce na lambobi ba, na gane kuɗi da lambar waya, amma wannan ya ishe ta. Ta dubi talatin da huɗu. Ta dubi sha biyar da ya rubuta a gefe ya zagaye. Ta daɗe tana dubansu tana tauna goro. Can ta ce, "Af." Ta sake cewa, "Af, to ai ba mu ne ƙananan ba."

Washegari, rana ko gama fitowa ba ta yi ba, tana ƙofar gidan Tanimu. Ya fito yana goge ido, ya gan ta, ya ja da baya.

"Iya, na ji labari. Ni dai na faɗa miki."

"Ka faɗa, ban ji ba, na ga aya. Ba wannan ya kawo ni ba. Kayan sun mutu ko suna raye?"

"Mai yiwuwa lafiyarsu lau. Waya ce ta ƙone."

"To ɗauko kayan aikinka. Kuma kada ka rage ko amfiya ɗaya daga lissafin nan. In da hali ma ka ƙara."

"Jiya ragi kike nema."

"Jiya saye nake yi. Yau sayarwa na zo."

Suka isa gidan ango ana shan koko. Iya Yalwa ta yi sallama ta nemi Alhaji Ɗahiru, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ba shi haƙurin fenti da tashin hankali, ta ce laifin kunnawa nata ne, ba ta musu. Amma tana roƙon arziki ɗaya, a fito da kayan tsakar gida a gwada a gaban kowa. Alhaji ya ce a fito da su. Tanimu ya yanke ƙonanniyar wayar ya naɗe bakinta, ya maido da wutar gidan, ya ja wata mai kauri daga wajen mita. Matan gida suka fito suka jeru a bakin ƙofofinsu, kowace da kofinta a hannu.

Aka jona buta, ta tafasa. Aka cire. Aka jona dutsen guga, Iya Yalwa ta tofa masa yawu ya yi cau. Risho ya yi ja. Injin markaɗe ya kori kaji. Ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi gardama. Da aka zo kan firji, ya yi gurnaninsa, Iya Yalwa ta shafa gefensa.

"Wannan ɗaya tak yake ci," ta gaya wa matan. "Ɗan babban gida ne, ba ya haɗama."

Sannan ta kwance kwalin ta miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Ya sa tabarau ya duba, Tanimu yana yi masa bayani. Ya dubi guntuwar wayar da aka yanke, ya murza ta a yatsa, ta ruguje.

"Wannan tun zamanin mahaifinmu aka ja ta," in ji shi. "Lokacin ƙwan fitila biyu ne a gidan da rediyo. Kai Tanimu, a ja sabuwa mai kauri zuwa ɗakin yaran nan kafin a kawo amarya. Fis ɗin ma a sa na gaskiya."

"Ka ji ko, Alhaji," in ji Iya Yalwa, da muryar da ta isa kowace ƙofa. "Kayan 'yarmu talatin da huɗu, wayar gida sha biyar. Ni ban yi makaranta ba, amma ko a awon daddawa na san wanda ya fi."

Mai Katifar Aro ce ta fara dariya, har koko ya sarƙe ta. Hajiya Atine, wadda tun ɗazu take tsaye a bakin ƙofarta tana cika tana batsewa, ta ga abin yana neman kuɓuce mata, ta tako tsakiya.

"Ke dai ki ce kin zo ƙona mana gida. Shekarata talatin da shida a gidan nan, ni ma da kayan ɗakina aka kawo ni, mota guda. Ban taɓa ƙona ko taƙi ɗaya na waya ba."

Iya Yalwa ta karɓi kwalinta, ta naɗe, ta ƙulle a bakin zane, ta ɗago.

"Gaskiyarki, Hajiya. Ni ma ban taɓa jin ƙwarya da akushi sun ja wuta ba."